Tsakanin Huji da Yanka

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya sanyin ƙasar mutane? Mu nan kalau. Innarki na gaishe ki, ta ce takalmin da kika aiko ya yi mata, ƙafar hagu ce kawai ke ɗan ƙorafi. Ƙannenki duk sun kama gabansu, gidan daga ni sai ita sai rediyo.

Kar ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Kin san injin ɗaga kaya ya cinye mini kunne ɗaya, ɗayan ma yana kan hanya. In kin kira sai Innarki ta ƙure murya, ni ina ihu ke kina ihu, maƙwabcinmu na bayan bango ya fi ni sanin abin da kika ce. Maganar da nake tafe da ita kuwa ba ta ihu ba ce.

Tun bara nake fama da wani ciwo a ƙasan ciki. Na yi ta ɗaukarsa wasa har ya daina wasa da ni. An yi hoto, an ɗebi tsoka an auna, suka ce ƙari ne, kuma na daji. Kar gabanki ya faɗi, sun ce bai yaɗu ba, cire shi za a yi.

A nan kaina ya kulle. Likitoci biyu ne. Akwai wani dogo mai furfura, shi buɗe ciki yake yi daga cibiya zuwa ƙasa, ya gani da ido ya taɓa da hannu. Ya ce cikin watan nan zai iya yi mini, amma in manta da hawa tsani na watanni. Ɗayan yaro ne mai tabarau, shi huji yake yi, 'yan ƙananan kafofi, ya zura kyamara ya yi aikinsa yana kallon allo. Sun ce mutum kan tashi da wuri. Sai dai shi layi ake bi.

Kin san kujerata a sama take, a ƙarshen tsanin nan da kika taɓa cewa ko an biya ki ba za ki hau ba. Shugabanmu ya riga ya faɗa mini, cikin dariya, cewa inji ba ya jiran mai jinya. A shekaruna, wanda ya sauko ya daɗe a ƙasa ba ya komawa.

Ke ce kullum a ɗakin tiyata kina miƙa wa likitoci almakashi. Tunda sunan mahaifiyata kika ci, sai ki yanke wa ɗanki shawara. Abin da kika ce shi zan yi.

Kawunki

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da jiki, ina gaishe da Inna, ka ce mata ta sa safa mai kauri takalmin zai saki.

A tsaye na karanta wasiƙarka a ɗakin sauya kaya, ƙafa ɗaya cikin takalmin aiki. Da na kai kan kalmar nan ta daji sai da na nemi benci. Tun bara, Kawu! Mutumin da in na yi atishawa ina yarinya sai ya goya ni zuwa kemis, shi ne ya zauna da ciwo shekara guda bai ce uffan ba. Na ji haushinka, kuma na yi kuka, amma tunda bai yaɗu ba mun gode Allah.

Ga abin da na sani. A nan kusan kullum muna yin na huji. Akan hura iska a cikin ciki ya ɗan tashi, a zura kyamara da dogayen ƙarafa, a yanke ɓangaren hanjin da ya lalace a fitar da shi ta wata 'yar kafa, a haɗa sauran. Jini kaɗan ne, zafi da sauƙi, kwana kaɗan za ka ga tsoho yana yawo a baranda yana neman shayi. Na buɗe ciki kuwa ciwon babba ne, tari ma sai mutum ya rungume matashi, ɗaga abu mai nauyi sai an daɗe. Wajen cire ƙarin, duka biyun suna yi.

In a babban hanji yake, kamar yadda na fahimta da ka ce ƙasan ciki, kuma layin ba mai tsawo ba ne, ni dai huji zan zaɓa maka. Kar ka bari a tsaga ka kamar buhu alhali ga hanya mai sauƙi. Tsofaffin likitocin nan wani lokaci abin da hannunsu ya saba kawai suke so.

Amma ka faɗa mini daidai inda yake, don wuri da wuri ba ɗaya ba ne. Ka sa a kwafo takardar sakamakon hoton ka haɗo mini. Ka kuma tambayi mai tabarau yaushe ne ranar, ya faɗa maka da bakinsa.

Uwarka ta ba ka umarni, ka ci abinci, ka rage shan shayin nan baƙi ƙirin.

'Yarka

*

Uwata,

Ina gaisuwa. Jiki da sauƙi, Innarki lafiya, ruwa ya fara sauka, rufin ɗakin girki ya koma halinsa.

Wasiƙarki ta sauke mini dutse daga ƙirji. Washegari na saka ta a aljihu na tafi wurin Dogon likita. Na ce masa na gode, amma huji nake so. Ya cire tabaransa na karatu ya dube ni.

«Malam, wa ya ba ka wannan shawara?»

Na ce, «'Yar ƙanwata. A ɗakin tiyata take aiki, a inda na'urori suka fi naku.»

«Ta ga hotonka?»

Na ce ta san komai. Ya ce shi ba ya faɗa da huji, aiki ne mai kyau, abin da yake tsoro jira ne. Na ce a raina, ga shi nan, abin da hannunsa ya saba. Ya rubuta mini takarda zuwa wurin mai tabarau, ya ce ƙofarsa a buɗe take in na sake tunani.

Mai tabarau ya sa sunana a layi. Da na tambayi rana sai ya ce kyamarar ce ta samu matsala, an aika a kawo wani ƙarfe nata, da ya iso za a kira mu bi da bi. Yaron kirki ne, har bakin ƙofa ya rako ni.

Na koma aiki. Ba zan ɓoye miki ba, akwatin injin nan da nake zama a ciki ya fara yi mini kaɗan. Faɗinsa bai wuce in miƙa hannu in taɓa gilashi ta ko'ina ba. Da, in na hau da safe sai la'asar, ina kallon mutane ƙanana a ƙasa ina jin ni ne sarki. Yanzu zama ne ba ya daɗi, sai in karkace gefe ɗaya, in gaji in koma ɗayan. Kuma cikin kan kira ni ba shiri, ga kaya a rataye a ƙugiya, ba dama in sake su a kan mutane in sauko. Sai in cije in ƙarasa, gumi na tsiyaya. In na sauko da ƙyar na je, ba abin kirki, in na hau kuma ya sake kira. Yaran ƙasa sun sa mini suna Mai Hawa da Sauka, ina taya su dariya.

Takardar hoton tana wurin likitoci, in na samu zan aiko. Shayi kuma na rage, Innarki shaida ce.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ya ƙarfin jiki? An mayar da ni wani reshe, na sauya ɗaki, wasiƙarka ta yi zamanta a tsohon akwatina har sai da mai gidan ta kira ni. Ka yafe jinkirin.

Na karanta sau biyu ina neman amsar tambayata, ban gani ba. Na ga rufin ɗakin girki, na ga shayi. Ina ƙarin yake, Kawu? Wannan kiran da ciki ke yi maka, da zaman da ba ya daɗi, ba su kwanta mini ba. Akwai jini? Ka amsa mini kamar ni ce likitan.

Kuma me ya sa ka ce masa na san komai? Ban san komai ba, abin da ka rubuto kaɗai na sani. Na ce in layin ba mai tsawo ba ne. In har yanzu ba a gyara kyamarar ba, ka koma wurin dogon ku sake magana.

Na kira ranar hutuna, ka ce «lafiya lau, lafiya lau» ka miƙa wa Inna, ita kuma ina jin kana tsaye a kanta.

'Yarka

*

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya sa sabon ɗakin ya fi tsohon ɗumi. Mu nan sai godiya.

Kin iya tambaya kamar ɗan sanda. Wurin dai ƙasa ne, ƙasa sosai. Akwai abin da ɗa ba ya buɗe baki ya faɗa wa uwarsa, balle kawu ga 'yar da ya yi wa wanka. Ki bar shi a haka, likitoci sun sani.

Ƙarfen kyamara ya iso, sai aka ga ba nata ba ne, aka mayar. Da na gaskiyar ya zo, mai tabarau ya tafi kwas. Yanzu ya dawo, amma waɗanda ke gabana sun taru. Duk ranar ganin likita ina can a barandar, kan dogon bencin ƙarfe mai sanyi, da 'yar matashiyar da Innarki ta ɗinka mini. Na san kowace tsaga a bangon. Na san matar da ke shara, na san wani mai gyaran takalma da muke layi ɗaya, shi an kira shi, ni an ce in ƙara haƙuri. Ofishin Dogon likita yana ƙarshen barandar. In na hango shi tafe sai in sunkuyar da kai ina gyara igiyar takalmi. Da wane ido zan koma, bayan na ce masa na fi son na yaro?

Kuma in na koma, wannan wahalar ta watanni ta tashi a banza ke nan. Kullum gani nake saura kaɗan.

Na sauko daga inji. Ba kora ta aka yi ba, shugaba ya ce in huta har a yi aikin, an ɗora wani na wucin gadi. Daga tagar ɗakinmu ina hango hannun injin yana juyawa, yaron yana fizgar kaya kamar yana jin haushinsu. Ba na nisa da gida yanzu, iyakata bakin titi, sai in juyo da sauri. Ɗaurin talala sosai.

Amma ina kan maganarki, ba wanda zai tsaga ni kamar buhu. Kar ki damu.

Kawunki

*

'Yata,

Ni ce Innarki. Ina gaishe ki. Rubutuna ba kyau, ki yi haƙuri da shi. Kawunki ya tafi asibiti zaman benci, shi ne na samu sarari. Bai san na rubuto ba.

Shi ba zai faɗa ba, ni zan faɗa, ni na wanke zanen gadon. A dubura abin yake. Jini yake zubarwa tun bara, yana ce mini basir ne. Kafin ya rubuto miki ta farko sai da aka yi masa gashi da na'ura na makonni, ya ce wa mutanen wurin aiki hutu ya ɗauka. Ƙarin ya motse. Ina zaune a wurin Dogon likita ya ce, «Yanzu ne lokacinsa. Tsakaninsa da bakin mafita akwai ɗan wuri, kamar yatsa biyu. In na shiga yanzu zan yanke in haɗa, ka riƙe jakar bayan gida a gefen ciki na ɗan lokaci, a rufe, ka koma kamar kowa. In ya sauko ya kama naman da ke riƙewa, sai an cire duka, jakar kuma ta zauna har abada.»

Da kunnensa mai ji ya ji wannan. Amma da takardarki ta zo sai ya riƙe layi ɗaya a ciki, na buhun nan, ya bar sauran. In na yi magana sai ya ce, «Ke kin fi Uwata sani ne?» Ni kuma ban yi karatu mai zurfi ba, sai in ƙyale shi.

Ya rame, wandonsa sai da na ƙara wa ɗamara huji. Ba ya iya zama sai kwanciya ta gefe. Takardar hoton da yake ce miki tana wurin likitoci, ƙarya ce, ya ƙi a kwafa ne don kar ki ga sunan wurin.

Ni na gaji da tsoro. Ke kaɗai yake ji. In kin kira ki ce a ba ni, zan fita waje da wayar ko zai yi fushi.

Innarki

*

Kawu,

Ina gaishe ka, amma yau gaisuwar gajeriya ce. Na riga na faɗa wa Inna komai a waya, na rubuto ne don ka gani da idonka, kar ka ce kunne ne. Kar kuma ka yi mata faɗa, ita ce ta yi abin da ya kamata.

Ka tashi ka je wurin Dogon likita. Ranar da ya ce, ka kwanta ya buɗe ka. Na janye maganar buhu, bakina ne ya yi kaifi, ban san inda nake sara ba, kuma tun da na karanta wasiƙar Inna abinci bai wuce mini ba.

Ka saurara. Ciwon dajin dubura ba ɗaya yake da na hanjin sama ba. Wurin can cikin ƙugu yake, ƙugun namiji kuwa matsattse ne, ga jijiyoyi ga mafitsara duk a cushe. Ana yin sa da huji, ana yin sa da yanka, a hannun wanda ya ƙware duka biyun suna fitar da mutum. Mu ma nan wani lokaci mukan fara da huji, abu ya ƙi, a buɗe. Bambancinsu makonnin jinya ne da tsawon tabo. Abin da ba a yi shi ne a gasa ƙari ya motse, sannan a bar shi watanni ya farfaɗo. Da ka rubuta mini kalma ɗayar nan tun farko, da na ce maka ka bi duk wanda zai fara kama wuƙa.

Ni fa aikina ke nan, Kawu. Kullum sai na ga wannan wurin a jikin iyayen wasu, in wanke, in rufe, in yi musu sannu. Ba ya rage musu komai a idona. Kai da ka wanke ni ina jaririya, ka ji kunyar in san inda ke maka ciwo har ka zauna kana zubar da jini a kan benci? Kuma ka ɗora a kaina, kana cewa maganata kake bi.

Kunyar likitan kuma ka ajiye ta. Ya ga waɗanda suka fi ka taurin kai, ba zai ce maka komai ba.

Na nemi hutu, sun ce sai an samu mai riƙe wurina. Ina nan ina ta bin ofis, ji nake kamar in fasa bango in fito. Ka je, don Allah.

'Yarka

*

Uwata,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya. Na daɗe ban rubuto ba, sai yanzu nake iya jingina in riƙe biro. Innarki na gaishe ki. Ban yi mata faɗa ba, kwana biyu dai na yi ba na amsa sannunta, ita kuma ko a jikinta.

Na je. Da na shiga, Dogon likita bai ce mini ina ka shiga ba, cewa ya yi, «Sannu da zuwa, Malam, hau gado.» Ya duba ni, ya je ya daɗe yana wanke hannu, bayansa gare ni. Tun daga nan na sha jinin jikina. Ya juyo ya ce ƙarin ya sauko.

A makon ya yi aikin. Ya buɗe cikin, ya cire duburar gaba ɗaya, ya ɗinke wurin. Kin ga na rubuta, hannuna bai karye ba. Ya ce ya samu ya kwashe duka, gefunan sun fita da tsabta, sauran magani za a ci gaba da shi. Na tambaye shi, da kyamara ce fa? Ya ce yadda abin ya kai, da huji da yanka duk nan za su ƙare. Mai tabarau ma ya leƙo ya gaishe ni, ya ce sunana ya kusa a layi.

Jakar tana gefen hagu, ƙasa da cibiya. An bar wa yaron nan inji, na aika masa ya riƙa sassauta hannu.

Ki daina cewa bakinki. Kin tambaye ni sau biyu, na ba ki labarin rufin ɗaki. Na ɗauki abin da nake so a takardarki na bar wanda ba na so, don tsanin nake so in koma, kuma don ba na so ki san ni ta wannan wurin. Ina baƙin ciki, ba zan ce miki ba na yi ba. Wani lokaci in na buɗe riga sai hawaye, in rasa na mene ne, tunda ga ni da rai.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ma'aikaciyar jinya ta koya mana sauya jakar, Innarki ta fi ni iyawa. Na tambayi liman, ya ce sallata ta yi, lalura ce, in yi alwala in shiga sahu. Da na samu ƙarfi na lallaɓa masallacin bakin titi. Muna ruku'u, wuri ya yi tsit, sai jakar ta yi ƙara. Ba ni da iko da ita, ba ta sallama. Ni da kunnena ɗaya ma na ji. Mutumin da ke damana, shekara da shekaru muna haɗa kafaɗa, sai na ji ya janye ƙafarsa daga tawa a hankali. Bayan sallama ma har ya yi mini ya jiki. Tun ranar a ɗaki nake salla, tsakanin gado da bango.

Ke kin ga irinmu da yawa. Ki faɗa mini ba tare da kewaye ba, me zan ci, me zan bari, kuma ko akwai yadda ake ɗaure ta ta yi shiru, ko na tsawon salla ɗaya ne.

Kawunki